Wuri 2,500: Wa Ya Biya Kuɗin Hijirar Malam Hamza?

Labarin Malam Hamza na Tsakuwa yana da daɗi a baki, shi ya sa ake yawan yanke shi a inda daɗin ya tsaya. Wajen shekarar 1846, farkon sarautar Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, masu karɓar kuɗin ƙasa suka sauka a Tsakuwa, garin da yau ke cikin ƙaramar hukumar Dawakin Kudu. Malam ya ce ba zai biya ba. A karatunsa, abin da Allah ya ɗora wa Musulmi a dukiyarsa zakka ce, wannan kuɗi kuwa ba shi da gurbi a shari'a. Magana ta yi zafi har zama ya gagara, sai ya kwashi 'yan'uwansa malamai da almajirai da iyalai suka nufi kudu maso gabas, suka shige duwatsun Ningi. A can suka tarar da Butawa da Warjawa da Pa'awa da sauran mutanen dutse, waɗanda su ma suna da ciwon sarakunan Bauchi da Kano a ransu. Daga wannan haɗuwa aka sami ƙasar da Kano da Bauchi da Zazzau suka yi fiye da shekara hamsin suna fama da ita ba su ci ta ba.

A nan mai ba da labari yakan ja numfashi, masu sauraro su ce ga malami na gaskiya, wanda tsoron fada bai sa ya sayar da addininsa ba. Haka na ji ana faɗarsa a majalisa, haka nake ganinsa a rubuce-rubucen matasa a Facebook, kullum da darasi guda: mai gaskiya ya tsaya, azzalumi ya ji kunya. Ni ban ƙi a yaba wa mai tsayawa ba. Abin da na ƙi shi ne a rufe littafi ba a yi lissafi ba, alhali waɗanda suka biya kuɗin wannan tsayuwa suna da garuruwa, garuruwan kuma suna nan har gobe: Rano, Kibiya, Rurum, Tarai, Tudun Wada, da ƙauyukan da ke tsakaninsu.

Sai a fara ba Malam haƙƙinsa, domin hujjarsa ba ƙarama ba ce. Shekara arba'in kacal ke tsakaninsa da jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta san da su ba. Ƙaninsa Abdullahi, da ya ga 'yan jihadi sun fara karkata ga dawakai da ƙwaraƙwarai da manyan gidaje, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, ya yada zango a Kano, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa sababbin masu mulki iyakarsu. Malaman Kano na 1846 ba baƙin waɗannan littattafai ba ne. To malami ya buɗe ido ya ga kuɗin da aka zub da jini don a kawar ya dawo, ga jakada tsaye a ƙofar zaurensa yana jiran a ƙirga masa, dole ransa ya ɓaci. Duk wanda ya ce Malam Hamza ba shi da dalili bai karanta abin da Shehu ya rubuta ba.

Amma nawa ne kuɗin? Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851, shekara biyar bayan abin Tsakuwa, ya kuma rubuta abin da ya tarar. Kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci a shekara, daidai da dalar azurfa ɗaya a canjin lokacin. Kowace rijiyar rini a karofi tana biyan 700, kowane bawa da aka sayar a kasuwa ana cire 500. Ya kiyasta abin da ke shiga hannun sarki daga ƙasar duka ya kai wuri miliyan 90 zuwa 100 a shekara. Wuri 2,500 ba wasa ba ne ga mai gona ɗaya da bakuna goma. Zai zauna a kan tabarma ya zube su, yana jan su biyar-biyar da yatsu, yana tara su ɗari-ɗari, jakada na kallo, uwargida na leƙe ta bayan zana tana tuna zaren da ta kaɗa aka sayar aka cika su. Ban raina wannan ba. Amma a riƙe adadin, domin da shi za a auna duk abin da ya biyo baya. Keso guda wuri 20,000 ne. Kuɗin da aka yi rikici a kansa kashi ɗaya ne cikin takwas na keso.

Tambayar farko da ta kamata a yi wa kowane tawaye ita ce, wa aka sauke wa kaya? A wannan karon babu. Magidancin Kibiya ya biya kuɗin ƙasa a 1845, ya biya a 1847, ɗansa ya biya, jikansa ya biya. Bamagujen da ke noma a gindin duwatsun Rano bai ga an rage masa ko wuri ɗaya ba. Akwai kuma abin da masu yabo ba sa son taɓawa. Malamai a ƙasar Hausa sun daɗe da sabawa da rangwame; sarki yakan yi wa malami hurumi, a ɗauke masa abin da ake karɓa a hannun maƙwabcinsa manomi. Kuɗin ƙasa bai faro a 1846 ba, talakawa na biyansa tun kafin nan, amma wuta ba ta tashi ba sai da hannun jakada ya kai zauren malamai. Wannan bai rushe hujjar shari'a ba. Sai dai yana sa mutum ya yi hattara da masu mayar da abin gwagwarmayar talakawa, don talaka ba shi aka tambaya ba, ba shi aka tafi da shi ba, shi aka bari a hanya.

A hanya kuwa aka bar shi, ba a baki kawai ba. Wanda ya fito daga duwatsun Ningi ya nufi Kano sai ya ratsa kudu: ta Gwaram da Birnin Kudu, ta Sumaila, ko ta daji ya ɓullo Tudun Wada da Kibiya da Rano. Birnin Kano yana da ganuwar da mahayan dutse ba za su iya da ita ba. Galadima da Madaki da masu karɓar kuɗin ƙasa suna kwana a cikinta. Wanda fushin Ningi ya sauka a kansa shi ne mutumin da ke wajen ganuwar, nisan kwana biyu ko uku a ƙafa, wanda bai taɓa ganin fuskar sarki ba. Ƙasar nan kuma ba a lokacin ta fara biyan bashin rikicin addini ba. Da 'yan jihadi suka kori Sarkin Kano Alwali, ƙarshen sarakunan Kutumbawa, kudu ya fake, a Burum-Burum aka ritsa shi aka kashe shi a 1807. Rano, Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta ga an sauya mata masu mulki, ta zama gari a ƙarƙashin sarautar Fulanin Kano. Yaran da suka ga wancan yaƙi su ne dattawan da suka ga farkon hare-haren Ningi.

Malam Hamza kansa bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru da isarsa ya rasu, jagoranci ya bi ta hannun magadansa: Ahmadu, sannan Abubakar Ɗan Maje daga wajen 1855, sannan Haruna Ƙarami daga wajen 1870, har zuwa Usman Ɗan Yaya a ƙarshen ƙarni. A nan ne lissafin ya fara nauyi. Jama'ar da ta bar gida don kada ta biya haraji tana bukatar ci, tana bukatar dawakai da makamai, tana bukatar abin da za ta raba wa mayaƙa don su tsaya. Dutse ba ya ba da wannan. Abin da ke ba da shi hari ne: shanu, hatsi, tufa, uwa uba mutane. Tun zamanin Ɗan Maje sunan Ningi ya zama abin da uwa ke tsorata yaro da shi a kudancin Kano. Tsangaya ta koma sansani, kuma abin da ake tuna Ningi ta wancan ƙarni da shi yaƙi ne, ba karatu ba.

Mu tsaya mu dubi yadda rana guda take a ƙauyen da ke tsakanin Kibiya da Rano a shekarun Haruna. Kaka ta yi, dawa ta nuna, ƙasa ta fara bushewa yadda doki zai iya gudu, lokacin da mahara suka fi so ke nan. Ba a buɗe ƙofar gari sai rana ta fito sosai. Maza su fita gona a ƙungiya, kowa da lauje a hannu, baka da kwari a kafaɗa. A ɗora saurayi mai kaifin ido a kan dutse ko a reshen rimi, aikinsa duka yini shi ne kallon kudu. Shi ke nan an rasa hannu ɗaya a girbi. Mata ba sa zuwa rafi ko itace sai da rakiya. In ya hango ƙura ya busa ƙaho, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya yi gari, a goya yara, a ja tsofaffi, a bar dami a gona. Sau da yawa ƙurar ta garken shanu ce ko ayarin fatake, a dawo da la'asar an yi asarar wuni. Ranar da ba ta shanu ba ce, wanda ƙafarsa ta gaza ya tafi ke nan. Ka ninka wannan da kowace kaka har shekara arba'in, ka ga abin da ake cewa zaman tsoro. Ba ya shiga baitulmalin kowa, amma a jikin mutane ake cire shi.

Sai ganuwa da kafi. Yau muna nuna wa baƙi ragowar ganuwar Rano da ta sauran garuruwan kudu muna alfahari, kuma sun cancanci alfahari. Amma ganuwar ƙasa ba a gina ta sau ɗaya a huta. Kowace damina tana cin ta, kowane rani sai an gyara. Mai gari ya raba wa unguwanni, kowace da tsawon da za ta ɗaga. A haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa da ƙafa, a mulmula tubali, a shanya, a ɗauka a ka, a yashe gwalalo, a sare ƙaya a jibge a bakin ƙofa. Ranin da Bahaushe ke saƙa, ke rini, ke cirani da fatauci don ya sami kuɗin hannu, shi ne ranin da aikin ganuwa ke cinyewa. Mutumin da ya yi makonni yana wannan aiki ba lada ya biya haraji na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Ga ciyar da dawakan sarki in runduna ta sauka: ingirici, dawa, masauki, da samarin da za a ɗiba su bi yaƙi a ƙasa.

Ƙasar noma ita ma ta biya. Gonar da ta wuce nisan gudun mutum daga ƙofar gari ta zama ba gona ba. Ƙananan ƙauyuka da gidajen gona suka watse, mutane suka cunkusu a garuruwa masu ganuwa, aka riƙa noma fili guda shekara da shekaru ba hutu, ga fadama mai kyau can nesa ta koma daji. Kuma kudancin Kano ba ƙasar tuwo kawai ba ce. Daga nan auduga da baba ke fitowa, a nan masaƙa da marina suke. Kura, maƙwabciyar Rano, sunanta ya kai har Sahara saboda baƙin rawani da turkuɗinta. Barth ya kiyasta tufafin da Kano ke fitarwa sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, wato ninki uku na duk harajin ƙasar. Kowane masaƙin da aka kama, kowace gonar baba da aka bari, kowane ayarin da ya fasa bin hanyar Bauchi don tsoro, daga cikin wannan arziki ake ragewa.

Mafi nauyi a ma'auni shi ne mutane. Wanda aka kama, ko dai ya zama bawa a dutse, ko a sayar da shi gaba, ko danginsa su fanshe shi. Bawa a kasuwannin wancan zamani kuɗinsa dubban wuri gommai ne, fansa kuma takan fi kuɗin kasuwa, don mai riƙe da mutum ya san uwa ba ta ciniki a kan ɗanta. A ƙaddara an nemi wuri 50,000 kawai a kan yarinya guda. Kuɗin ƙasar shekara ashirin ke nan, a dare ɗaya. Za a sayar da saniya, a jinginar da gona, a bi dangi gida-gida, a ci bashin da sai jikoki za su gama biya. Wanda ba shi da dangin da za su haɗa, shi ke nan, sai dai a riƙa sa sunansa a addu'a. Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, bautar da 'ya'yan Musulmi na daga cikin manyan abubuwan da jihadi ya tashi a kansu. Ga shi zuriyar malaman da suka yi hijira da sunan tsare shari'a suna kama Musulmi 'yan'uwansu, har da masu allo a hannu, suna sa musu farashi. In wuri 2,500 haramun ne, kuma na yarda akwai hujjar cewa haka ne, to me za a kira kuɗin fansar 'yar Musulmi?

Mutanen dutsen da suka karɓi baƙi su ma suna da shafinsu. Labaran baka suna danganta wa Malam Hamza abubuwan ban mamaki da suka sa Butawa da maƙwabtansu suka amince masa, suka ga a tare da shi akwai kariyar da za ta raba su da gandun da Bauchi ke nema. Sun sami wani abu na wannan kariya. Amma baƙin da suka sauka a matsayin malamai su suka zama sarakuna, 'yan ƙasa suka zama mabiya da 'yan baka a rundunarsu. In Kano ko Bauchi ta tashi ramuwa kuma, ba malaman take samu ba, don suna can saman dutse. Garuruwan Warji da ire-irensu ake ƙonawa, 'ya'yansu ake kora zuwa kasuwar bayi. Bamagujen Rano da Bawarjen gindin dutse ba su taɓa jayayya a kan hukuncin haraji a fiƙihu ba, amma su biyun aka fi kwashewa.

Kada a ɗauka fada ta fita da riba. A zamanin Sarki Usman, ƙaninsa Galadima Abdullahi ke riƙe da ragamar mulki, a ƙarƙashin idonsa abin Tsakuwa ya faru. Shi ne ya hau gadon a 1855, wanda muka sani da Abdullahi Maje Karofi, ya kuma shafe kusan shekara talatin na sarautarsa da ƙayar Ningi a ƙafa. Ya fita yaƙi da kansa, ya zauna a sansanonin kudu, ya ƙarfafa Takai ta zama mazaunin runduna. Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu shi ma haka ya ƙare, yana kafa garuruwan tsaro irin su Kafin Madaki. A ce malaman Tsakuwa ashirin ne, ko ma ɗari. Kuɗin ƙasarsu duka a shekara bai kai abin da runduna ɗaya za ta ci a fita ɗaya ba. Mai mulkin da ya san lissafi da ya kira malaman nan ya saurare su, ya bar musu huruminsu ko ya kawo musu hujja, da ya tsira da dukiya da rayuka masu yawa. Girman kai ne ya hana, kuma laifin wannan a wuyan fada yake, ba na rage mata ko kaɗan. Akwai ma ƙarin da ba a cika haɗawa da wannan ba. Shekarun yaƙin kudu sun tara mayaƙa da bayin sarki masu bindiga da garuruwa masu ƙarfi a wuri guda. Da rikicin gadon sarauta ya ɓarke a 1893, Takai ɗin nan da aka ƙarfafa don tare Ningawa ita ta zama hedkwatar Yusufawa, ɓangaren da ya ƙi yarda da sarautar Sarki Tukur, daga can aka taso masa. Basasar Kano tana da dalilanta na cikin gida, amma makamin da aka yi ta da shi a yaƙin Ningi aka wasa shi.

Irin wannan lissafi ba a ƙasarmu kaɗai aka yi shi ba, kuma ƙasar su Barth tana da misalin da ke haska namu ta wani gefe. A Jamus ta ƙarni na 16 akwai gidajen ruhubanawa, mazaunan masu ibadar Kirista, waɗanda shugabanninsu malaman addini ne kuma sarakunan ƙasa a lokaci guda. Shugaban gidan Kempten, Sebastian von Breitenstein, yana da manoma a ƙarƙashinsa da ke biyansa haraji suna yi masa aikin tilas, sun kuma daɗe suna kuka da gidan. Da wa'azin Martin Luta ya girgiza coci daga 1517, manoma suka ɗauki Littafi suka ce a nuna musu inda aka halatta wannan. A watan Maris na 1525 wakilansu suka tsara buƙatu goma sha biyu a garin Memmingen. A watan Afrilu suka wawashe gidan Kempten. Shugaban ya gudu wata fadarsa ta Liebenthann, nan ma suka ci shi, ya fake a cikin birnin Kempten, mutanen birni suka tilasta masa sayar musu da ikonsa a kan birnin a kan gulden 30,000. Mai karanta tarihin gidan zai ce ga bawan Allah da fitina ta wulaƙanta.

To a duba ƙarshen shafin. A watan Yuli rundunar sarakuna ta murƙushe manoman yankin a Leubas, aka ƙona ƙauyuka. Shugaban ya koma kujerarsa da kuɗin cinikinsa, gidan kuma ya ci gaba da mulkin ƙasarsa har 1803. A tsakiyar ƙasar, mai wa'azi Thomas Müntzer ya jagoranci manoma zuwa Frankenhausen yana yi musu alkawarin taimakon sama, aka kashe dubbansu a wuni guda, ranar 15 ga Mayu. Masana na kiyasta waɗanda suka mutu a yaƙin duka tsakanin 70,000 da 100,000, kusan dukansu manoma. Ɗan sassaucin da manoman Kempten suka samu a 1526 ta zaman sulhu da rubutacciyar yarjejeniya ya zo. A can malamin addini shi ne mai karɓar haraji, a Tsakuwa shi ne mai ƙin biya, amma a Ningi ba a yi zuriya guda ba sai da mai ƙin biya ya zama mai karɓa. Sunayen shugabannin duka suna rubuce da shekarunsu. Na manomin da aka ƙone wa rumbu a Leubas da na matar da aka ɗauke a bakin rafi a ƙasar Kibiya ba wanda ya ga dalilin rubutawa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce to ya durƙusa ke nan, ya biya abin da ya yi imani haramun ne? Za a ce kuma ba a kama mamaci da laifin magadansa. Hamza ya rasu shekara ashirin kafin Haruna ya hau. Za a ƙara da cewa Ningi ta zama mafakar waɗanda daula ta kora, kamar Isawa, mabiya Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a zamanin Maje Karofi. Duk wannan gaskiya ne, kuma na sa shi a ɓangaren riba. Wurin da wanda aka zalunta zai gudu ya tsira ba ƙaramin abu ba ne, kasancewarsa ma kaɗai kan sa mai mulki ya riƙa taunawa kafin ya haɗiye.

Amma ban yarda hanya biyu ce kawai ba, durƙuso ko dutse. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga ɓarnar da ta fi wannan, ya bar runduna, ya yi rubutu, ya faɗa wa masu mulki a fuskarsu, littafinsa kuma har yau ana karanta shi a zaurukan Kano. Malamai da yawa sun ƙi muƙami, sun ƙi cin abincin fada, wasu sun tattara sun yi gabas zuwa Makka, ba su bar gawa a bayansu ba. Bambancin Tsakuwa shi ne an haɗa ƙorafin malamai da baka da kibiyar mutanen da ke da tasu gabar, aka kafa mulki a wurin da ba abin da zai ciyar da shi sai hari. Wanda ya aza wannan harsashi bai ga ginin ba, amma shi ya zaɓi filin. Jagoran addini yana da wani iko da sarki ba shi da shi: in ya ce a tashi, mutane na tashi don Allah, ba sa tambayar guzuri. Saboda haka ne nake ganin shi ya fi kowa wajabcin zama ya ƙirga, kafin ya ce a tashi, su wa za a taka a hanya, ko da ba almajiransa ba ne, ko da ba su san sunansa ba.

Mulkin Ɗan Yaya ya ƙare a 1902 da zuwan Turawa ƙasar Bauchi. A farkon 1903 rundunarsu ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Hari ya tsaya, mutanen kudu suka fara fita daga bayan ganuwa suna sare dajin da ya cinye gonakin kakanninsu. Kuɗin ƙasa kuwa bai tafi ko'ina ba. Turawa suka haɗe shi da sauran kuɗaɗe suka kira shi haraji, suka sa a biya da sulalla maimakon wuri, aka riƙa bin mutane gida-gida da takarda. Ningi ta zama masarauta a lardin Bauchi, sarakunanta, magadan malaman Tsakuwa, suka riƙa tara wa En'e haraji daga talakawansu kamar kowane sarki. A Rano da Kibiya dagatai da masu unguwanni sun ci gaba da karɓarsa har bayan samun 'yancin kai. Sai a 1979, shekara 133 bayan Malam Hamza ya ce ba zai biya ba, gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi, wadda talakawa suka zaɓa da ƙuri'a, ta soke haraji da jangali a Jihar Kano.